Mai Jinya a Tabarmar Laraba

Ranar Alhamis, sha shida ga watan Oktoba, shekara ta 2025, da misalin ƙarfe sha ɗaya na safe, a rumfar dillalan shanu ta kasuwar Maigatari, Alhaji Barau ya buɗe baki ya ɓata sunan mata goma sha ɗaya a zama ɗaya. Maganar ba ta iso Gumel ba sai bayan la'asar.

A lokacin Tayyiba tana kan keken ɗinki a gindin darbejiyar tsakar gidansu, tana kalmashe bakin labulen da za ta rataya a ɗakin aurenta. Saura mako bakwai a ɗaura mata aure da Haladu, malamin dabbobi ɗan Sule Tankarkar. Mahaifiyarta, Umma Rahamatu, tana zaune kusa da ita tana tsince sabon wake a faranti.

"Wannan waya taki tun ɗazu take kuka kamar kaza za ta yi ƙwai," in ji Umma. "Ko mutumin ne?"

"Umma, yau Alhamis fa. Yana kara, kasuwar shanu, yana bin su da allura, ba ya tunawa da kowa sai magariba."

"Ke dai duba. Ni ban san kunyar ƙarya ba."

Tayyiba ta yi dariya ta jawo wayar. Mutum biyar ne suka turo mata saƙon murya iri ɗaya, ba wanda ya rubuta komai a ƙasa. Ta danna ba tare da ta rage ƙara ba. Hayaniyar kasuwa ce ta fara fitowa, da kukan shanu, sannan wata murya mai kauri da ta gane nan take: Alhaji Barau ne, wan mahaifin Haladu, wanda zai karɓa masa aure tunda uban ya rasu.

"Ni za a yi wa rufa-rufa? Shekara talatin ina dillanci ba a taɓa cusa mini saniya mai aibi ba, sai a cusa wa ɗan ƙanena mata? Jiya da ƙafata na je Gumel, na tsaya a bakin lungun. Gidan wata mai awara ne. Duk Laraba mahaukatan unguwar ke taruwa a can su yi ta koke-koke. Na ƙirga su, goma sha ɗaya. Har da matar mai facin nan na bakin tasha. Ita kuwa yarinyar, ita ce ma mai shimfiɗa musu tabarma."

Aka kwashe da dariya a cikin wayar. Wani ya ce, "A mayar da ita, Alhaji, tun ba a yi ciniki ba."

Farantin wake ya zame daga cinyar Umma. Tayyiba ba ta yi kuka ba a lokacin. Ta cire ƙafa daga kan keken, ta ninke labulen sau huɗu, ta ajiye.

Ga gaskiyar abin da Alhaji Barau ya tsaya a bakin lungu yana ƙirgawa kamar awaki.

Shekara biyu kafin nan mahaifin Tayyiba, Malam Nura, ya faɗi a gona ya cika, ita ce kuma ta kai masa abincin rana ta tarar da shi. Aka yi zaman makoki aka watse, aka yi arba'in, kowa ya koma harkarsa, ita ba ta dawo ba. Ba ta zagi kowa ba, ba ta jefi kowa ba, ba ta yaga zane ba. Barci ne ya guje ta, abinci ya koma kamar ƙasa a bakinta, wanka sai an yi da gaske, in an yi mata magana sai ta kalli bango. Wata bakwai ana haka. Aka yi hayaƙi, aka sha rubutu, wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu.

Sai wata rana Safiya mai awara ta bayan layinsu ta yi sallama. Ba malama ba ce, ba likita ba. Mace ce da ta binne ɗanta ɗan shekara huɗu, ta yi shekara guda cur a irin wannan ramin. Ba ta yi wa'azi ba. Ta zauna a bakin katifa ta ce, "Da asuba ya fi tsanani, ko? Kamar an kifa miki turmi a ƙirji."

Tayyiba ta juyo ta dube ta. Wannan ne karo na farko da wani ya faɗi abin daidai yadda yake.

Safiya ce ta ja ta zuwa zaman da suke kira Tabarmar Laraba: mata ne da kowacce ta taɓa shiga wannan hali, wata bayan haihuwa, wata bayan rasuwa, wata bayan saki, suke haɗuwa a tsakar gidan Safiya duk Laraba bayan la'asar. Dokokinsu ba su da yawa. Ba a katse mai magana. Ba a ce wa mutum "ki yi haƙuri kawai" don a rufe zance. Abin da aka faɗa a tabarma ba ya bin kowa gida. Wadda nata ya fi ƙarfin hira, biyu daga cikinsu za su raka ta asibiti, su zauna da ita a layi, su riƙa tuna mata shan magani. Haka suka yi wa Tayyiba. Likita ya ce ciwon damuwa ne, ya ba ta magani, ta sha wata shida, ta tashi. Da ta tashi ba ta bar tabarmar ba, ta zama ita ke raka wasu.

Haladu kuma ya san duk wannan. Tun a mako na biyu da ya fara zuwa zance ta zayyana masa, ba ta rage komai ba. Abin da ya ce a ranar shi ne, "Ni da nake yawo da akwatin magani a bayan babur, ni zan ji tsoron wadda ta sha magani ta warke? Difireshan ne, Tayyiba, ciwon damuwa, ba laifi ba ne."

Ranar Asabar da yamma ya zo. Ya kafe babur a ƙofar gida, ya shiga zaure ya zauna a bakin tabarma, ido jajur. Tayyiba ta fito ta zauna nesa da inda ta saba.

"Sori, Tayyiba. Wallahi ban san ya je ba. Cewa aka yi ya yi bincike kamar yadda ake yi wa kowa."

"A kasuwa ake karanta sakamakon bincike?"

"Kin san Baffa da baki."

"Yanzu kam na sani. Jigawa ma ta sani, har guruf ɗin ƴan ajinmu na waya."

Ya sunkuyar da kai yana juya makullin babur. Can ya ce, "Akwai mafita. Baffanku Ɗantsoho da limaminmu sun yi magana. Za a zauna a nan ranar Lahadi, biyu ga wata, a tambaye ki abin da ke kai ki gidan. Ki ce ke mai jinya ce. Shi ke nan. Kalma biyu, a wuce wurin."

Duk Bahaushe ya san wannan kalma baki biyu gare ta. Wanda ke kwance a gadon asibiti mai jinya ne, wanda ke zaune a ƙasa yana yi masa fifita shi ma mai jinya ne. Mai saurare ne ke zaɓar wanda yake so ya ji. Dattawan sun gano wannan ƙofa, suka buɗe mata ita don ta sulale ta fita.

"Ba ƙarya ba ce," in ji Haladu da sauri. "Ai kina jinyarsu. Ba ke kika raka Kyauta matar mai faci asibiti har sau uku ba?"

"Su kuma dattawan me za su ji?"

"Za su ji taimako kike yi. Kamar nas."

"Wato ni lafiyayya, sauran goman su ne mahaukatan."

"Ban ce haka ba."

"Ba sai ka ce ba. Baffanka ya riga ya ce, ni kawai ake so in sa hannu."

"Tayyiba, don Allah. Don ina sonki ne nake wannan roƙon."

"To wacce kake so? Wadda ke shimfiɗa tabarmar, ko wadda ta kwanta a kanta tana kuka? Ka zaɓa da kyau, don mutum ɗaya ce."

Haladu ya tashi ya ce zai kira ta. Ta ji ƙarar babur ɗinsa har ta ɓace a hanyar Sule Tankarkar, sannan ta kifa kai a gwiwa ta yi kukan da ta riƙe kwana biyu.

A gida ma ba ta sami sauƙi ba. Umma ba mai faɗa ba ce, wannan ne ya sa maganarta ta fi ciwo.

"Ke marainiya ce," ta ce mata washegari suna wanke-wanke. "Ba ki da uban da zai je ya tsaya a kasuwa ya rama miki. In wannan ya tafi, bayan abin da aka ji, wa zai sake tako ƙofar nan? Ki faɗi kalmar, Allah ya san zuciyarki."

"Umma, da Yaya Safiya ta ce ita ba irina ba ce ranar da ta shigo ɗakin can, da yanzu ina ina?"

Umma ta goge ido da bakin mayafi ta ci gaba da wanke-wanke.

Laraba ta zagayo. Tayyiba ta shimfiɗa tabarma uku kamar kullum, amma mutum uku ne kawai suka zauna, har da ita da Safiya. Sauran sun aiko: wata mijinta ya hana, wata uwar miji ta ce in ta sake taka lungun ta wuce gidansu, wata ta ce ƴarta ta kusa aure, ba za ta jawo mata ba. Zaman da aka yi shekara huɗu ana gina shi, minti biyu na maganar dillali ya rushe shi.

Safiya ta zuba musu shayi ta ce, "Na ji abin da aka ce ki faɗa. Ki faɗa, ƙanwata. Ba mai jin haushinki a nan. Aure ne."

"Ke ma, Yaya?"

"Ni ban ɗago ki don ki zauna a gida ba miji saboda mu ba."

Daga nan Tayyiba ta wuce gidan Kyauta. Wata huɗu ke nan da Kyauta ta haihu, kuma ba a fi mako uku ba da ta fara iya ɗaukar jaririn ba tare da tsoro ba. Ta tarar da ita a ɗaki, taga a rufe tun rana ba ta faɗi ba, yaron yana kuka a kan gado, ita tana kallon bango. Mijinta ya hana ta fita tun ranar Juma'a, don a tasha ƴan babur sun sa masa suna mijin mahaukaciya.

Tayyiba ta buɗe taga, ta ɗauki yaron ta jijjiga shi, ta nemo ƙwayoyin maganin a ƙarƙashin matashi ta miƙa mata da ruwa. Kyauta ta sha. Sannan ta ce, a hankali, ba tare da ta dube ta ba, "An ce ranar Lahadi za ki ce ke ba irinmu ba ce."

Tayyiba ta tsaya da kofin a hannu.

"Ba komai," in ji Kyauta. "In da ni ce ma zan faɗa."

Da wannan maganar Tayyiba ta koma gida, kuma da ita ta kwana goma sha ɗaya. Haladu ya kira sau da yawa, ta ɗauka sau biyu, gaisuwa kawai suka yi.

Ranar Lahadi, biyu ga Nuwamba, da hantsi, zauren marigayi Malam Nura ya cika. Baffa Ɗantsoho, ƙanen mahaifinta kuma waliyyinta, yana gefe guda. Limamin unguwar su Haladu yana tsakiya. Alhaji Barau ya baje babbar riga ya cinye rabin tabarma, yana ɓantarar goro. Haladu yana waje jingine da babur, don ba a ba yaro wuri a irin wannan zama. Abin da ba a saba gani ba shi ne, mahaifiyarsa, Inna Ummukulsum, ita ma ta biyo motar da ta kawo su, ta ce za ta gaida Umma. Ta shige cikin gida ta zauna a gindin darbejiya.

Aka kira Tayyiba. Ta durƙusa a bayan ƙofar zaure ta ciki, inda za a ji muryarta ba a ga fuskarta ba. Ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya.

Liman ya yi gyaran murya. "Ƴata, tambaya ɗaya ce, ba za mu tsare ki ba. An ce mana zuwan da kike yi gidan Safiya, ke mai jinya ce. Haka ne?"

"Haka ne, Malam. Ni mai jinya ce."

Baffa Ɗantsoho ya sauke numfashi. Liman ya ce, "Alhamdu lillahi." Alhaji Barau ya taɓe baki ya ce, "To, in dai taimakon musulunci ne take yi wa marasa—"

"Ban gama ba, Malam, a yi mini haƙuri."

Ta gyara durƙuso ta ci gaba.

"Mai jinya ta kowane ɓangare. Na kwanta wata bakwai bayan rasuwar Baba. An kai ni asibiti, na sha magani, na warke. Matan da aka ƙirga a bakin lungu, su suka ɗago ni. Yau ni ke riƙe wata, gobe in nawa ya dawo ita za ta riƙe ni. A tabarmar nan kowa mai jinya ne, ba mu da sama ba mu da ƙasa. Babu mahaukaciya a cikinmu. In ma da akwai, da ita ce ta fi cancanta a rufa mata asiri, ba a kai ta kasuwa ba. Ba zan shiga gidan miji ta kan bayansu ba."



"Kun ji ko?" Alhaji Barau ya buga cinya. "Da bakinta. Ni na ce akwai aibi, aka ce sharri nake yi. Malam, kai ka san hukuncin abin da aka ɓoye wa mai saye."

Sai inuwa ta tare ƙofar waje. Haladu ne. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa a bakin zaure.

"Baffa, a gafarce ni. Ba a ɓoye mini komai ba. Tun bara ta gaya mini, tun kafin in kai maganar gida. Ku kuka koya mini a kara cewa abin da aka nuna wa mai saye ya gani ya yarda, ba a mayarwa. Ita kuma ba saniya ba ce, kuma wannan ba aibi ba ne, ciwo ne, ta warke. In akwai mai abin kunya a nan, ni ne. Ni na zo na roƙe ta ta yi muku wasa da kalma, ta ƙi."

"Tashi ka ba mutane wuri," in ji Alhaji Barau. "Ubanka ya mutu, ni ne ubanka. Irin wannan abu jini yake bi. Ban yarda a gurɓata mana zuri'a ba."

Daga bayan Tayyiba wata murya ta taso, siririya, ta tsufa. Inna Ummukulsum ce ta taso daga gindin bishiya ta zo ta durƙusa kusa da yarinyar, kafaɗa da kafaɗa.

"Yaya Alhaji, a yafe mini. Shekara talatin da ɗaya ina gidanku ban taɓa ɗaga murya a gabanku ba. Kun tuna daminar da na binne ɗana na biyu?"

Ta gyara mayafi ta ci gaba.

"Ni na tuna. Shekara ɗaya da rabi ban san ɗanɗanon gishiri ba. Ku kuka ce wa ƙanenku ya sake ni, kuka ce iska ta shige ni, za ta bi jini. Ya ƙi, Allah ya haskaka kabarinsa. Kun san wa ta tashe ni? Tsohuwar nan mai kitso ta bayan masallaci. Kullum da hantsi sai ta zo ta tsefe mini kai ta kitse, gobe ta tsefe ta sake, don kawai ta sami dalilin zama da ni. Ita ma ta binne nata, ta san hanyar. Ita kaɗai ce tabarmata. Bayan na tashi ne na haifi yaron nan da kuke cewa kuna tsare masa jini. In jinin nan yana da aibi, to ga shi nan durƙushe a gabanku. Ku mayar da shi."

Haladu ya ɗago kai. Bai taɓa jin wannan labari ba. Hawaye ya zubo masa, bai ko share ba.

Liman ya ajiye carbi ya yi magana. Ya ce shi bai ga abin da zai hana aure ba. Yarinya ta faɗi gaskiya a inda aka ba ta damar kaucewa, yaro ya sani ya yarda, uwa ta yarda. Ya ce in Alhaji ba zai karɓi auren ba, shi zai karɓa. Sannan ya juya ya ce, "Amma Alhaji, maganar da ka yi a kasuwa, akwai haƙƙin mutane a kanka."

Alhaji Barau ya tattara riga ya fita, bai yi sallama ba.

A cikin gida Inna Ummukulsum ta kama hannun Tayyiba, abin da uwar miji ba ta saba yi ba kafin biki. Ta ce, "Ana karɓar tsofaffi a tabarmar taku?" Umma, da ke tsaye a bakin madafa, ta fashe da kuka da dariya a haɗe.

Saura mako guda biki sai ga rago an aiko daga Alhaji Barau, fari, mai ƙaho, da saƙo cewa abin da ya wuce ya wuce, a yafi juna, kada a sake tayar da maganar. Baffa Ɗantsoho ya so a karɓa. Tayyiba ta leƙa ta ga ragon ɗaure a turke, ta kira Haladu a waya.

"Ka zo ka ɗauki baƙonka."

"Wane baƙo?"

"Wanda Baffanka ya aiko ya ba mu haƙuri. Na tambaye shi ko zai je Maigatari ya yi bayani, ya ce mini 'meee'."

Haladu ya yi dariya har da tari. "To me zan ce masa?"

"Ka ce na yafe nawa tun ranar Lahadin da aka zauna, ba sai da rago ba. Amma ba ni kaɗai ya ƙirga ba. Goma sha ɗaya ya ce."

A ranar Haladu ya ɗaure ragon a bayan babur, a inda akwatin magani ke zama, ya mayar da shi har ƙofar gidan baffansa, ya durƙusa ya isar da saƙon kalma da kalma.

An ɗaura aure ranar Juma'a, biyar ga Disamba, ranar da aka sa tun farko, ba a ɗaga ko da kwana ɗaya ba. Safiya ce ta riƙe hannun amarya har cikin mota. Labulen nan da aka ninke sau huɗu yana rataye yanzu a ƙofar ɗakinta a Sule Tankarkar. Laraba ta biyu da tarewarta ta shimfiɗa sabuwar tabarma a tsakar gida bayan la'asar. Wadda ta fara zama uwar mijinta ce. Mako na uku suka zama biyar, ɗaya har daga Gagarawa take hawo mota.

Wannan shi ne sakamakon wadda ta yi haƙuri ba ta sayar da gaskiyarta ba. Samari da ƴanmata su riƙe: son da zai sa ka ce wa masoyinka ya musanta waɗanda suka ɗago shi, bai gama nuna ba. Iyaye su riƙe: ciwon zuciya ciwo ne kamar zazzaɓi, yana da magani, kuma rabin maganin shi ne wanda ya taɓa shiga ya zauna kusa da kai. Mai bincike don aure amana aka ba shi, ba lasifika ba.

Sai dai maganar ba ta ƙare ba, kuma ba za a yi kamar ta ƙare ba. A Gumel, cikin mata goman da Tayyiba ta bari, shida ne ke zama a gidan Safiya. Huɗu har yau suna kulle. Kyauta na cikinsu. Tayyiba tana kiranta a waya kullum da safe ta tuna mata magani, amma waya ba tabarma ba ce. Mijinta ya ce ba za ta taka lungun ba sai ranar da aka daina kiransa da wancan suna a tasha, kuma ba za a daina ba sai wanda ya fara ya janye.

Saboda haka abin da ake nema a wurin Alhaji Barau a bayyane yake, ba shi da baki biyu. Ba rago ba, ba goro ba, ba saƙo ta bakin wani ba. Ranar Alhamis, da ƙarfe sha ɗaya na safe, a rumfar dillalan shanu ta Maigatari, a gaban mutanen da suka yi dariya, ya miƙe tsaye ya ce matan da ya ƙirga ba mahaukata ba ne, ya zalunce su, yana neman gafararsu su goma sha ɗaya. Wanda ya ɗauki muryarsa a waya ran nan, ya sake ɗauka, ya tura wa duk wanda ya tura wa ta farko.

A inda ya ɓata, a nan zai gyara. Kyauta tana jira, tagarta a rufe.